Karayar Ƙugu: Kwanciyar Da Ke Cinye Tsofaffinmu

Duk gidan da ke da tsoho ko tsohuwa ya saurara. Idan Inna ta zame a bakin makewayi, ko Baba ya yi tuntuɓe da dokin ƙofa zai fita asuba, aka zo ɗagawa aka ga ƙafa ta ƙi ɗaukar jiki, to a duba ƙafar tun kafin a fara jero sannu. In ta fi 'yar'uwarta gajarta, tafin ya kwanta yana kallon waje, mai ita kuma yana nuna matsematsi ko katara yana cije baki, a ɗauka ƙugu ya karye har sai hoton asibiti ya ƙaryata. Daga wannan sa'a, kwana ɗaya ko biyu ne a hannunku.

Abin da aka saba yi kuwa kowa ya sani. A kinkime ta a kai ɗaki, a shafa man zafi, a ce targaɗe ne, zuwa gobe zai sake ta. Gobe ta yi, a aika a kira mai ɗori. Ya ja, ya murza, ya ɗaure, ya ce kada ta motsa sai bayan kwana 40. Tsohuwar da jiya take watsa wa kaji dawa tana faɗa da jikoki, yau ta zama 'yar ɗaki. Wata biyu, wata uku, sai a ji an yi rashi, masu gaisuwa su ce ai tun faɗuwar nan ba ta ƙara lafiya ba, kwana ne ya ƙare. Kwana kam na Allah ne, babu mai ja. Amma tsakanin faɗuwar da likkafani akwai abubuwan da aka yi da hannu, akwai waɗanda aka ƙi yi, kuma yawancinsu da sunan tausayi aka yi su.

Sai an san inda ƙashin yake karyewa za a gane dalilin gaggawar. Ƙashin cinya yana da kai mulmulalle a samansa, wanda ke zaune a wani gurbi na kwatangwalo yana juyawa kamar kan taɓarya a turmi. Tsakanin kan da gangar ƙashin akwai ɗan wuya siriri da ya karkata. A wuyan nan, ko ƙasa da shi kaɗan, tsofaffi ke karyewa. Jijiyoyin da ke kai wa kan ƙashin jini ta jikin wuyan suke bi. Idan ya karye ya goce, sai su tsinke, kan ya rasa jini, ya mutu a cikin gurbinsa. Ƙashin da ya mutu kuwa ba ya haɗewa, ko shekara aka yi ana ɗaure da ƙafar. Karayar da ta faru ƙasa da wuyan tana iya haɗewa da kanta, amma sai an yi watanni a kwance, kuma sau da yawa a karkace take haɗewa, ƙafa ta gajarce. Watannin kwanciyar nan su ne jikin tsoho ba ya ɗauka.

Ba na cikin masu zagin masu ɗori. Sana'a ce ta gado, kuma a ƙauyukan da babu likita sun daɗe suna rufa wa mutane asiri a karayar hannu da ta ƙwauri, inda ƙashi ke kusa da fata, kara ya iya riƙe shi. Ƙugu dabam ne. Ƙashin yana can ciki, tsoka mai kauri ta lulluɓe shi ta kowace fuska. Babu yatsan da zai lalubo bakin karayar, babu karan da zai tallafe ta daga waje. Jan da ake yi wa ƙafa, tsohuwa tana salati tana zufa, yana iya goce karayar da a dā take zaune, ya tsinke sauran jijiyoyin da suka rage. Mai ɗorin da ya san Allah, in ya taɓa ya ji a ƙugu ne, cewa zai yi a tafi asibiti. Wanda ya ce a biya kafin alƙalami zai tashe ta cikin mako shida, ku riƙe kuɗinku.

Akwai kuma wata karayar mai yaudara. Wani lokaci ƙashin tsagewa yake yi, ko ɓangarorin su cushe cikin juna, har tsohon ya iya ɗingisawa. Wani ma gwiwa zai riƙa nunawa, a yi ta gasa gwiwa alhali ɓarnar tana sama. Bayan 'yan kwanaki ya juya a kan gado ko ya yunƙura zai miƙe, ƙashi ya rabu gaba ɗaya. Saboda haka duk tsohon da ya faɗi ya tashi da ciwon matsematsi in ya taka, hoto ya kamace shi. In hoton farko bai nuna komai ba amma ciwon ya ƙi tafiya, a koma, likita ya san irin hoton da zai ƙara.

Wajen ɗaukarsa ma a yi hattara. Kada a ja ƙafar da niyyar miƙar da ita, kada a naɗe shi a cusa a adaidaita sahu. A kwantar da shi a kan abu mai faɗi, a sa matashi tsakanin ƙafafun, a ɗaure su tare da zane sakwa-sakwa, mutum uku ko huɗu su ɗaga lokaci guda. A kwashi duk magungunan da yake sha, na hawan jini, na suga, na tsinka jini, a tafi da su cikin leda, domin likita zai tambaya.

Ga waɗanda suke ganin ana zuzuta abin, ga lissafin ƙasar da ke da motocin ɗaukar marasa lafiya, tiyata kuma kyauta. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta fitar da ƙa'idarta kan karayar ƙugu a 2011. Ta ce mutum 70,000 zuwa 75,000 ke karyewa a ƙugu duk shekara a Birtaniya, kusan 1 cikin 10 suna mutuwa a watan farko, kusan 1 cikin 3 kuma ba sa cika shekara. Ta kuma nuna yawancin mace-macen daga cututtukan da ke rakiyar karayar suke fitowa. Shi ya sa ta ce a yi tiyata ranar da aka kawo majinyaci ko kashegari, kashegarin tiyatar kuma a fara tashinsa, a riƙa motsa shi aƙalla sau ɗaya kullum. Ƙungiyar likitocin ƙashi ta Amurka ma awa 24 zuwa 48 ta ba da. In can Birtaniya, da duk wannan tanadi, lissafin ya kai haka, mai karatu ya auna da kansa abin da ke faruwa a ɗakin da aka rufe tsohuwa wata uku a kan katifar ƙasa.

Wannan fahimta ba ta jiya ba ce. A garin Hastings na Ingila, wajajen shekarun 1960, likitan ƙashi Michael Devas da likitan tsofaffi Bobby Irvine suka haɗa aiki a kan tsofaffin da suka karye. Dabararsu ita ce a gyara ƙashin da wuri, gyaran da zai ɗauki nauyin mutum nan take, a tsayar da shi, a lokaci guda kuma a duba zuciya da huhu da ƙoda da duk abin da ya kayar da shi tun farko. Kafin haka, su ma can kwantar da tsofaffi suke yi makonni a rataye wa ƙafa nauyi, suna binne su ɗaya bayan ɗaya.

Me kwanciya take yi wa tsoho? Tana farawa da tsoka. A 2007 masu bincike a jihar Arkansas ta Amurka suka kwantar da wasu tsofaffi lafiyayyu, masu shekara kusan 67, na kwana 10 kacal. Da suka tashi, a matsakaici sun rasa kusan kilo 1 na tsokar ƙafafu, ƙarfin gwiwa ya ragu sosai. Waɗannan fa babu karaya, babu ciwo, kuma ana ciyar da su yadda ya kamata. Ƙara kwana 30 a kan wannan, ga zafin ciwo, ga ƙin cin abinci. Ko ƙashin ya haɗe, babu cinyar da za ta ɗaga mutum.

Sai huhu. Wanda ke kwance rigingine ba ya cika ƙirjinsa da iska, tari kuma yana tayar masa da ciwon ƙugu, sai ya danne. Majina ta taru a ƙasan huhu, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Ga shi ana ɗura masa kunu yana kwance, ya ƙware, wani ya gangara huhun. Daga nan zazzaɓi da haki, a ce sanyi ne ya shige shi. Sai jini: ƙafar da ba ta motsi, jini yana daskarewa a jijiyoyinta, sharaɓa ta kumbura ta yi zafi. Ranar da gudan jinin ya ɓalle ya toshe hanyar huhu, mutum yana magana sai numfashi ya sarƙe, kafin a nemo mota an gama.

Amma wanda ya fi ba ni takaici shi ne gyambon kwanciya, domin kunyarmu ce take renonsa. Fatar tsoho siririya ce, in ƙashi ya danne ta a kan shimfiɗa 'yan awoyi kaɗan sun isa ta fara mutuwa. Yana farawa a ƙasan gadon baya, da ɗuwawu, da dunduniya, da gefen katara, wato daidai wuraren da ɗa ba zai iya buɗewa ya duba a jikin mahaifiyarsa ba, suruka kuma ba ta da fuskar da za ta ce Hajiya juya in gani. Ita ma Hajiyar ba za ta faɗa ba. Sai wari ya fara fita, a kunna turaren wuta. Ranar da wata 'ya ta zo daga gidan aurenta ta yi ta maza ta ɗaga zane, sai a tarar da rami har ƙashi. Dole a cikin gida a naɗa mutum ɗaya, mace ga mace, namiji ga namiji, wanda aikinsa ne ya ga fatar nan da idonsa safe da yamma. A riƙa juya majinyaci duk awa 2, dare da rana, a ɗaga dunduniya daga kan katifa da matashi a ƙarƙashin sharaɓa, a canza shimfiɗa da zarar ta jiƙe. In an ga wuri ya yi ja ko ya yi duhu fiye da sauran fata, an danna bai canza ba, gyambo ya fara ke nan.

Kunyar nan dai ita ke hana tsoho shan ruwa. Ya san in ya sha zai ji fitsari, in ya ji sai ya kira wani ya kawo fo, sai ya gwammace ƙishirwa. Jiki ya bushe, ƙoda ta wahala, ciwon mafitsara ya shigo, bayan gida ya ɗaure. Daga nan kai ya juye. Baba da bai taɓa mantuwa ba ya fara kiran matattu, yana fizge zane, ya ƙi barci da dare, ko kuma ya yi shiru ya kwanta kamar mai gyangyaɗi duk yini. Nan da nan a ce gigin tsufa ne, ko a ce iska ce ta taɓa shi a inda ya faɗi. Ruɗewar da ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu alama ce ta ciwo a jiki: zafi da ba a kashe ba, rashin ruwa, ciwon huhu ko na mafitsara, ƙarancin jini, ko wani magani da ya yi masa ƙarfi. Tana yawan samun waɗanda suka karye a ƙugu, kuma in an gano musabbabin, takan warware. A yi addu'a, a yi tofi, a kuma kira likita a ranar.

Na san maganganun da ke fitowa in an ambaci tiyata, duk mun ji su a tsakar gida. "Kada a yanka min uwa da tsufanta." "Jikinsa ba zai ɗauki allurar barci ba." "Asibiti yanke ƙafa suke yi." "Da muguwar rawa gara ƙin tashi." Tiyata tana da haɗari, ƙarya ne a ce babu, musamman ga mai ciwon zuciya ko suga. Sai dai likitoci suna auna jini da zuciya kafin su shiga, kuma sau da yawa allurar baya ake yi, wadda ke kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, mutum idonsa biyu. Yawan shekaru shi kaɗai ba ya hana aikin, ana yi wa 'yan 80 da 'yan 90. Batun yanke ƙafa kuma, ba a yanke ƙafa don ƙugu ya karye. Ƙafafun da ake yankewa a asibitocin ƙashi, da yawansu waɗanda ɗauri ya matse ne har jini ya daina zuwa, suka ruɓe a gida kafin a kawo su.

Aikin kansa iri biyu ne. In ƙashin zai iya haɗewa, a ɗaure shi da kusoshi da farantin ƙarfe, ko a zura sandar ƙarfe ta cikin ɓargo. In kan ya rasa jini, a cire shi a sa na ƙarfe. Ɗaya daga cikin irin waɗannan kawunan ƙarfe, mai ɗauke da sunan likitan Amurka Austin Moore, tun shekarun 1950 ake sa wa mutane shi, saboda haka ba gwaji ake yi da iyayenmu ba. Kuma ba sai an je Masar ko Indiya ba. Asibitin ƙashi na Dala a Kano yana nan tun 1959. Asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano, da Shika a Zariya, da Sakkwato, da Maiduguri duk suna da sashen ƙashi. A Nijar akwai manyan asibitocin Yamai da Maraɗi da Damagaram. In ƙaramin asibiti aka fara zuwa, a tambaya kai tsaye: kuna yin wannan aiki a nan? In ba sa yi, a karɓi takarda a wuce gaba a ranar, kada a kwana bakwai ana ƙarin ruwa.

Kuɗi matsala ce ta gaske, ba zan yi kamar ban sani ba. Ƙarfen da ake sawa da tsada, kuma yawancin iyalai daga aljihu suke biya. Dokar inshorar lafiya ta Najeriya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin rukunin masu rauni da ya kamata a tallafa wa, jihohi irin su Kano kuma suna da hukumar taimakekeniyar lafiya, saboda haka wanda iyayensa ke da rai ya je ya tambayi yadda ake rajista da abin da take ɗauka tun yau, kafin a faɗi. Manyan asibitoci suna da ofishin jin daɗin marasa lafiya, a nemi shi. Amma a yi lissafi na gaskiya. Kuɗin mai ɗori, da na rubutu, da na kemis, da audugar manya ta wata shida, da magungunan gyambo, da 'yar da ta bar sana'arta ta tare jinya, in aka tara su ba ƙaramin abu ba ne, kuma a ƙarshe asibitin ake zuwa da majinyacin da ya riga ya lalace. Abin da ya fi kuɗin cin lokaci ma shi ne "sai Yaya ya zo". Babban ɗa yana Legas ko Abuja, babu mai ikon sa hannu, ana ta muhawara a WhatsApp na dangi, tsohuwa tana kwance. Wanda ke kusa ya kai ta, a kira Yaya a waya daga bakin asibiti.

To an yi tiyata lafiya. A nan ne tausayi ke sake yin ɓarna. Kashegari likitan gashin ƙashi zai zo ya ce a zaunar da ita a bakin gado, in jiri bai hana ba a miƙar da ita tsaye da abin dogarawa mai ƙafa huɗu. Sai 'ya'ya su taso: "Haba likita, jiya fa aka yi mata aiki!" Ita ma ta ce a ƙyale ta sai ta ji ƙarfi. Ƙarfin ba zai zo a kwance ba, kullum raguwa yake. An sa ƙarfen ne domin ta taka, kuma a mafi yawan lokuta likita yana ba da izinin ɗora nauyi gwargwadon abin da mutum zai iya jurewa tun daga farko. Aikin 'ya'ya shi ne su tabbatar an ba ta maganin kashe zafi kafin lokacin tashin, su tsaya a gefenta, su ƙarfafa mata gwiwa. In kunyar namiji take ji, a nemi mace a sashen gashi, akwai su. Tsakanin zuwan likita da zuwansa kuma akwai abin yi a kan gado: ta riƙa kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa daga idon sawu, ta matse tsokar cinya ta saki, ta ja dogon numfashi ta yi tari, ta ci abinci a zaune. In an rubuta allurar hana daskarewar jini ta makonni, a cika ta, kada a tsaya don an ga sauƙi.

Ranar sallama ake murna, amma gida ne wurin da tafiyar ke tsayawa. An saba tsohuwa a katifar ƙasa take kwana, a tabarma take zama, makewayin tsuguno take shiga. Duk ukun nan ba na wanda aka gyara wa ƙugu ba ne a watannin farko. Tashi daga ƙasa yana buƙatar ƙarfin da ba ta da shi, kuma ga wadda aka sa wa kan ƙarfe, tsuguno mai zurfi ko harɗe ƙafafu yana iya fitar da kan daga gurbinsa. A tambayi likitan da ya yi aikin abin da ya hana da tsawon lokacin hanin, domin ya danganta da irin aikin. Kafin ta dawo a tanadi gado mai tsayin da in ta zauna tafin ƙafarta zai taɓa ƙasa, da kujera mai hannu, da kujerar bayan gida, ko kafinta ya huda kujerar katako a ɗora a kan masai. A kafa ƙarfen riƙewa a bango. A kankare gansakuka, a ɗauke ledar tsakar ɗaki da ta naɗe, a ajiye tocila a gefen matashi, a raba ta da silifas ɗin da ya sude. Salla kuma addini ya sauƙaƙa, malamai sun yi bayani: wanda ba ya iya tsayuwa ya yi a zaune, wanda ba ya iya zama ya yi a kishingiɗe. Kada Baba ya matsa wa kansa sujada a ƙasa kafin likita ya yarda. A yi masa alwala a zaune a kan kujera, a busar da wurin kafin ya miƙe.

Sannan a daina yi mata komai. Wannan ya fi wuya, domin tarbiyyarmu ta ce ɗa nagari ba ya barin uwa ta ɗauki ko buta. Amma duk abin da aka ɗauke mata, an ɗauke mata motsin da zai dawo da ita. Ta taka zuwa ƙofar ɗaki yau, gobe zuwa rumfa, jibi zuwa zaure. Ta tashi daga kujera ta zauna sau da yawa a jere, safe da yamma. In ta koma sanda, ta riƙe ta a hannun da ke ɓangaren lafiyayyar ƙafa. A matakala, lafiyayyar ce ke fara hawa, mai ciwon ce ke fara sauka. 'Yan dubiya da ke cika ɗaki da lemon kwalba da labarin wanda ya mutu da irin wannan ciwo, a ce musu Hajiya tana tsakar gida, a fito da ita ta karɓi gaisuwar a kujera. Kuma kada a yanke zuwa gashi don an ga ta fara takawa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004, daga birnin St. Louis, ya nuna tsofaffin da suka ci gaba da atisayen ƙarfafa tsoka na wata 6 bayan an gama gashin da aka saba yi, sun fi waɗanda aka bar su da ɗan motsin gida tafiya da iya hidimar kansu. Kusan rabin waɗanda suka karye a ƙugu ba sa komawa yadda suke a dā, kuma watannin nan na farko ne ke raba wanda zai koma masallaci da ƙafarsa da wanda za a riƙa turawa a keke.

Tsoron sake faɗuwa gaskiya ne, kada a yi mata dariya ko faɗa. A riƙe ta, a rage riƙon sannu a hankali.

A kula da abin da take ci. Jikin da ke ɗinke ƙashi da tsoka ba zai yi shi da koko da shayi ba. Ƙwai, wake, awara, kifi, nama mai laushi, nono da madara, miyar kuka da zogale, riɗi, duk suna kusa da mu. In haƙora sun zube a daka, a dama, a ba ta kaɗan-kaɗan sau da yawa. A kuma kula da abin da take haɗiya. Haɗin kemis na ciwon jiki sau da yawa yana ɗauke da diclofenac ko ibuprofen, masu cin ciki da ƙodar tsoho, da dexamethasone ko prednisolone, waɗanda in an daɗe ana sha suke rarake ƙashi. Tramadol da maganin barci irin su diazepam suna kawo jiri da ruɗewa, su sake kayar da mutum. Kada a ba ta komai sai abin da likita ya rubuta.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, me ya sa faɗuwa daga tsaye ta karya ƙashi mafi ƙarfi a jiki? Amsar ita ce ƙashin ya riga ya zama holoƙo. Wannan ciwo na raunin ƙashi ba ya zafi, ba ya nuna alama sai ranar karaya, kuma ya fi kama mata bayan ɗaukewar al'ada, shi ya sa kusan 3 cikin 4 na masu karayar ƙugu mata ne. Wadda ta karye sau ɗaya tana cikin haɗarin karya ɗaya ƙugun. Akwai magungunan ƙarfafa ƙashi, na sha da na ƙarin ruwa, a tambayi likita kafin sallama, domin a cunkoson asibiti ana mantawa. Tsohuwar da ta shekara ba ta fita daga ɗaki a riƙa fito da ita hantsi. A kai ta a duba ido, yanar ido kan sa mutum ya taka inda babu ƙasa, kuma cire ta aiki ne na ɗan lokaci. In jiri take ji duk sanda ta miƙe, a sake duba maganin hawan jininta.

Saura ku da wannan rubutu ya riska da tsoho a kwance tun makonni ko watanni, an ɗaure ƙafa ana jiran ranar kwancewa. Ba a makara ba. Ana sa kan ƙarfe ko a karayar da ta daɗe, kuma ko likita ya ga jikin ba zai ɗauki tiyata ba, akwai maganin zafi, da zaunarwa a kujera, da gashi, da kula da fata, waɗanda ba sa samuwa a ɗakin da aka saki labule. Yau da dare a juya shi a haska bayansa da dunduniyarsa. A duba yatsun ƙafar da aka ɗaure: in sun yi sanyi, sun yi baƙi, sun kumbura, ko ba ya jin taɓi, a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti a daren. Haka in akwai zazzaɓi, haki, kumburin sharaɓa ɗaya, ko ruɗewa. In babu ko ɗaya, gobe da sassafe a nemi mota mai shimfiɗa, a ɗauki ledar magungunansa, a kai shi a ɗauki hoton ƙugu.